Filin da Aka Ce Ba Shi da Mai Shi

Babana yana da gona ɗaya da fako ɗaya. Gonar tana cikin kwari, ƴar ƙarama ce, in damina ta yi kirki takan riƙe gidanmu wata biyar ko shida. Fakon kuwa yana bisa tudu, arewa da ƙauyenmu, wajen da hanya ke fita zuwa Barmu. Yana da faɗi, mutum sai ya gaji kafin ya zagaye shi, amma ƙasa ce da ta mutu, jan dutse da tsakuwa, in an yi ruwa sai ya gangare kamar an zuba shi a bayan ƙwarya. Kakan Baba ne ya sare wurin tun yana daji, ya noma shi har ƙasar ta gaji, ruwa ya wanke abin da ya saura. Wa zai yi rigima a kan dutse? Babu wanda ya taɓa ja da mu a kansa, kuma babu wanda ya taɓa tunanin a yi masa takarda.

Duk rani, sa'ad da tsaran Baba ke ɗaure jaka su nufi Abijan neman kuɗi, shi sai ya saɓa diga ya hau tudu. Tassa yake haƙawa, ƙananan ramukan nan da ake zuba wa taki don su tare ruwa, a shuka hatsi a ciki. Kusurwa ɗaya ya kama, ta gabas, kowace shekara yana ƙara layi kaɗan. Mai garinmu na lokacin abokin wasansa ne, tare aka yi musu kaciya, kuma shi ya laƙaba masa sarkin duwatsu. In sun haɗu a masallaci sai ya tambaye shi ko talakawansa sun kwana lafiya, ko dai har yanzu ba su koyi gaisuwa ba. Baba yakan ce ai sun fi na mai gari biyayya, tunda inda ka aje su nan za ka tarar da su. Ni tun ina ƙarama nake jin haushin wannan wasa, don ba ni da haƙurin Baba. Halin Inna na gado, Allah ya jiƙanta, wadda ba a taka ta ta yi shiru.

Shekarar da fara ta sauka mana ina aji uku a kwaleji a Tawa. Na zo hutu na tarar rumbu babu komai, mata suna jiƙa ƴaƴan itacen anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu abin sa wa yara a baki. Ana nan sai labari ya zo cewa wasu masu furoje, baƙi ƴan aikin agaji, suna yawo da aikin gina-ka-ci: a haƙa rabin wata a ƙasar da ta mutu, a jera duwatsu, a dasa itatuwa, duk wanda ya yi yini a auna masa hatsi da mai. Amma suna da sharaɗi. Ba sa gyara gonar mutum ɗaya da dukiyar jama'a, sai filin da yake na kowa, wanda ba shi da mai shi. Garin da bai da irin wannan fili, mota ta wuce gaba. Mu kuwa duk ƙasar garinmu, har inda jakai ke birgima, akwai mai ita. Fili ɗaya ne tak mai faɗin da zai ɗauki mutanen gari duka, shi ne fakon Baba.

Mai gari ya zo gidanmu bayan la'asar, shi kaɗai ba rakiya, kuma ranar bai yi wasa ba. Ina tankaɗe a bakin ɗaki ina jin su. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, ya yi maganar yaran da aka binne a cikin makon, ya yi maganar gidajen da suka rufe ƙofa suka bar gari, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi.

"Sunan hilin ɗai muka biɗa aro," ya ce. "Ƙasa taka ta, kowa ya sani. Takarda ta baƙi ta, su tahi da abinsu."

Baba bai ko nemi ya kwana da maganar ba. Ya ce in don mutane su ci abinci ne, a rubuta abin da za a rubuta. Inna ce kaɗai ta yi gunaguni bayan baƙon ya fita, ta ce ita ba ta yarda da aron da ba a sa ranar mayarwa ba. Baba ya ce mata ai ba ɗaukar filin za a yi a kai wani gari ba, yana nan inda yake.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin gawon bakin masallaci. Baƙin su uku ne, da wani ma'aikacin gwamnati mai riƙe da hatimi. Ma'aikacin ya miƙe ya nuna tudu da hannu, ya tambaya da ƙarfi ko akwai wanda ke da haƙƙi a kan filin can, na gado ko na saye ko na aro. Sau uku ya tambaya, yana dakatawa a tsakani. Baba yana zaune a sahun gaba yana kallon yatsun ƙafarsa. Na ga dattijai suna jan rawani suna rufe baki, kafaɗunsu na rawa, wani ma sai da ya fake da tari. Abin ya yi wa kowa daɗi, gari guda ya haɗa baki ya yi wa masu ilimi wayo. Da aka zo rubuta sunayen waɗanda suka halarta, mai gari ya ce ai ga ƴar makarantarmu nan, hannunta ya fi na kowa kyau. Aka ba ni alƙalami na zauna ina ta ƙawata haruffa, kowa na zuwa yana dangwala yatsa a gefen sunansa. Na Baba na sa na biyu, bayan na mai gari, don girmamawa. Ranar kaina ya kumbura, har dare ina ba Inna labari.

Rani biyu aka yi ana aikin. Mata ne suka fi yawa, tunda maza sun tafi, kuma ni ma duk hutu ina cikinsu, mun ɗauki dutse a ka har gashin tsakiyar kaina ya zube. Ba zan yi ƙarya ba, abincin nan ya tsai da mutuwa a garinmu. Kuma fakon ya tashi. A damina ta uku ciyawa ta rufe ramuka, ƴan itatuwan ƙaro suka kama, ƙasa ta fara taruwa a bayan duwatsu. Baƙi suka kafa allon ƙarfe a bakin hanya, suka ɗauki hoto, suka tafi, ba mu ƙara ganinsu ba. Allon ma daga baya wani ya cire shi ya yi ƙofar garken awaki da shi. Baba ya ci gaba da nomansa, daga kusurwar gabas ya bazu har ya cinye rabin tudun, ya gina rumbu na biyu.

Haka aka zauna wajen shekara ashirin. Na gama karatu na zama malamar makaranta a Tawa, na yi aure a can. Ƙannena maza biyu suka bi hanyar kowa, ɗaya Abijan, ɗaya Libiya, kuma duk wanda ya kira waya maganarsa ɗaya ce, in ya tara abin sayen amalanke da shanu zai dawo ya kama wa Baba aikin tudu. Inna ta rasu, mai gari ma ya rasu, ɗansa ya dawo daga Abijan aka naɗa shi. Duk tsawon lokacin nan babu mai yankan ciyawa ko saran reshe a tudun sai ya tambayi Baba. Akwai wani Buzu makiyayi da ke saukowa daga arewa kowace kaka da raƙumansa da tumakinsa. Sai ya fara biyowa gidanmu da cuku, busasshen nonon nan nasu, a hannu ya nemi izini, kana ya sauke kaya a gonar, dabbobinsa su ci kara su bar taki.

Sai maganar hanya ta zo. Za a yi sabuwar hanya, kuma masu gwajin ƙasa sun ce marmarar tudunmu ita ta dace da aikin, za a haƙe ta a kwashe. Aka zo aka kafa turakun siminti, aka auna gonakin da aikin zai ci, aka ce duk mai gona za a biya shi diyya. Baba ya tsaya cikin hatsinsa da ya kai gwiwa, ya riƙe wa masu awo bakin igiya da hannunsa, har ya aika aka kawo musu fura. Da aka liƙa sunayen masu diyya, akwai maƙwabcinsa na yamma wanda hanya ta ɗan gutsuri gefen gonarsa, akwai na kudu. Sunan Baba, wanda tudunsa gaba ɗaya za a kwashe, babu shi. Ya sa aka kira ni a waya, ya ce ƙila mantuwa ce, in leƙa in tuna musu.

Na shiga maganar da ƙarfina. Na nemo dokar na karanta, ina ja mata layi da jan alƙalamin da nake gyara wa ɗalibai aiki. Doka kyakkyawa ce in kana karanta ta a ɗaki. Ta ce ba a karɓe wa mutum ƙasarsa sai don amfanin jama'a, kuma sai an biya shi tukuna, biya na adalci. Ta ce wanda ya gaji ƙasa bisa al'ada haƙƙinsa daidai yake da na mai takarda. Na hau kabu-kabu na nufi ofishin da ke riƙe da dosiyen aikin, wato kundin takardunsa, ina ta shirya maganganun da zan yaɓa musu, har ina tausaya musu tun kafin in isa.

Sau huɗu na je kafin in sami mai ofishin. A bencin bakin ƙofa na saba da tsofaffin da gari ya cinye wa gonaki a gefen Tawa, kowa da takardunsa a cikin leda, wani shekararsa uku yana zuwa. Ina jin labarinsu ina cewa a raina nasu ne mai wuya, namu ai gyaran suna ne kawai. Na so a ce mai ofishin mugu ne ko mai neman na goro, da na san yadda zan yi da shi. Sai na tarar da wani dattijo mai sanyin murya, ya ba ni kujera, ya bar ni na zazzage duk abin da ke cikina. Da na gama ya tashi ya ciro takarda uku da suka yi ja don tsufa, ya aje a gabana. Ta farko ta ce filin tudun nan makiyaya ce ta jama'a, ba shi da mai shi, an tambaya sau uku ba wanda ya yi magana. Ta biyu taswira ce. Ta uku kuwa tun kafin ya juyo ta sosai na gane ta. Rubutuna ne, da ƴan lanƙwashe-lanƙwashen da nake yi wa manyan haruffa ina yarinya. Ga sunan Baba na biyu, ga yatsansa a gefe.

Ya tambaye ni ko na san wannan mutum, na ce ubana ne. Ya tambaya ko yatsansa ne, na ce nasa ne. Bai tambaye ni wa ya yi rubutun ba, ni ma ban faɗa ba.

"Madan," ya ce, "a nan babanki ba mai fili ba ne. Shaida ne cewa filin ba shi da mai shi."

Ya yi mini bayani a hankali, yadda nake yi wa ƴan aji ɗaya. Tun ranar da aka buga hatimi filin ya shiga dukiyar ƙasa, kuma da dukiyar jama'a aka raya shi. Makiyaya ba ta zama ta mutum ko ya shekara ɗari yana nomanta. Hasali ma noman da Baba ke yi a ciki shi ne ya saɓa doka, an dai kau da kai ne. Gwamnati kuma ba ta biyan diyyar abin da yake nata. Abin da za a yi, tunda gari zai rasa makiyaya, shi ne a gina masa famfo mai tanki. Na ba shi labarin yunwa, da aron suna, da dariyar dattijai. Ya ce ya yarda da ni, don ba garinmu kaɗai ya yi haka ba, amma shi ba ya iya sa dariya a cikin dosiye. Hanya ɗaya ce ta saura, gari ya taru ya shaida a rubuce cewa takardar farko ƙarya ce, a kai gaban sarki, daga nan a kai wa alƙali.

Na tafi ƙauye a ƙarshen mako. Da na faɗa wa Baba, dariya ya fara yi, ya ce ashe takardar nan tana nan da ranta, shi duk zatonsa baƙin sun tafi da ita ƙasarsu. Na ce masa da hannuna na rubuta sunansa, ya ce to da ban rubuta ba ai wani zai rubuta. Ni har lokacin ina ganin abu ne mai sauƙi, tunda kowa ya sani.

Sabon mai gari ya karɓe ni da mutunci, yana ta ce mini Yaya. Ya ce shi lokacin yana Abijan, bai ga komai ba, kuma ba zai sa hannu a takardar da za ta ce ubansa ya yi wa hukuma ƙarya ba. Sannan ya sassauta murya ya tuna mini irin nisan da matan gari ke yi neman ruwa da rani. In fili ya zama na mutum ɗaya, diyya ta zama ta mutum ɗaya, famfo ya tafi ke nan. Daga cikin dattijan da suka rufe baki da rawani ranar nan, huɗu suka saura da rai. Na bi su gida-gida. Kowanne ya ce wallahi fakon na Baba ne, ko jariri ya sani. Da na ciro takarda sai ɗaya ya ce idonsa ba ya gani, ɗaya ya ce sai ya yi shawara da ƴaƴansa, ɗaya ya tashi alwala bai dawo ba. Na huɗun ne ya yi mini gaskiya, ya ce da ya san gobe zai mutu da ya dangwala, amma yana da sauran zama da mutane.

Ranar na yi abin da har yau ake ba da labarinsa a garin. Na tsaya a bakin masallaci an sallame la'asar, na ce musu duk wanda ke tsaye a nan da fakon ubana aka raya shi. Na kira su butulu, na shiga kiran gidajen da suka ci hatsin nan ɗaya bayan ɗaya. Baba ya fito daga cikin mutane ya kama hannuna kamar ƴar shekara biyar ya ja ni gida. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar ma bai ɗaga ba.

"Uwata," ya ce, "kada ki koma yi ma mutane gorin abinci. Mu ma mun ci."

Duk da haka na kai maganar gaban sarki, don doka ta ce a can ake fara neman sulhu. Baba ya bi ni ne don kada in je ni kaɗai in ƙara zubar masa da mutunci. Shaida ɗaya muka samu a duniya, Buzun nan. Labari ya iske shi a arewa, ya yi kwana biyu bisa raƙumi ya zo, ba wanda ya aika masa. Ya tsaya da Hausarsa mai karkacewa ya ce tun yana saurayi yake sauka a tudun nan, kuma bai taɓa sauke kaya ba sai da izinin wannan tsoho. Raina ya yi fari. Sai wakilin ofis ya tambaye shi cikin ladabi me yake zuwa yi a tudun kowace shekara. Ya ce kiwo. Wakilin ya ce a rubuta, ga shaida cewa wurin makiyaya ce. Bawan Allah bai gane abin da ya faru ba sai bayan an tashi, da na yi masa bayani ya zauna a ƙasa ya ja rawani ya rufe fuskarsa.

Sarki mutum ne da ya san ƙasar, ya san labarin kakan Baba ma, kuma ya so ya buɗe mana ƙofa. Ya ce tunda shaidu sun ƙi, Baba ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa filin nasa ne, bai taɓa sakinsa ba, kuma abin da aka rubuta ranar nan ƙarya ce aka shirya. Shi kuma zai rubuta haka ya aika wa alƙali. Na dubi Baba ina roƙonsa da ido, tunda gaskiya ce tsantsa. Sai Baba ya ce:

"Ranka shi daɗe, hili nawa na. Amma sau ukku anka tambaya ina zamne ban ce komi ba, kuma da shirun nan munka ci abinci. Wanda yaz zo gidana yar roƙe ni shina cikin ƙasa, ba shi iya kare kainai. Ba ni dahwa Littahi in sa a rubuta shi maƙaryaci."

Sarki ya ce to shi ke nan, ba shi da abin aikawa. A mota muna dawowa na kau da kaina daga Baba. Na ji haushinsa fiye da na kowa, fiye da na mai ofis da na dattijan gari, kuma har yau akwai sauran haushin nan a raina, ina neman gafarar Allah a kai. Ya kare mutuncin mamaci, mu da ke raye ya bar mu hannu rabbana.

A Tawa na ga wani lauya, mijin abokiyar aikina. Ya duba takardun ya ce yana iya shigar da ƙara in na nace, amma ba ya son ya ci mini kuɗi a banza. Mai fili da kansa ya ƙi rantsuwa, gari ya ƙi shaida, wa'adin ƙorafi ya kusa cika, kuma ko ana shari'a aikin hanya ba ya tsayawa. Na rubuta wasiƙu duk da haka, zuwa duk ofishin da na san ƙofarsa. Guda ɗaya aka amsa, aka gode mini da kishin da na nuna. A cikin watan ne darasin haƙƙin ɗan ƙasa ya faɗo a ajina. Na rubuta a allo cewa ba a karɓe wa mutum dukiyarsa sai an biya shi, yara suka kwafa da kyau, na bi na duba musu rubutu.

Da damina ta zagayo Baba ya sake shuka, ko da yake an aiko an ce kada ya shuka. Motocin suka iso hatsi ya fara fid da kai. Ya je ya roƙi shugaban aikin a ba shi wata ɗaya ya girbe, aka ce kwana uku za a iya, shi ma alfarma ce, tunda a takarda babu gona a wurin. Ya yanke hatsin ɗanye ya ba awaki. Mutanen gari sun taya shi yanka, har da sabon mai gari, kowa kansa a ƙasa, ana ta ce masa Allah shi maida alheri. Ni ban je ba. An gina famfon, yana ba da ruwa mai kyau, kuma daga nan ake ɗebo wa Baba ruwan alwala, don babu wani. Ƙanena na Libiya da ya ji labari ya daina maganar dawowa. Na Abijan ya aiko a kai masa matarsa da ƴaƴansa.

Da ranin da ya wuce na je gaishe shi, na tarar ya rame, ido ya fara hazo. Da hantsi ya ɗauki sandarsa ya ce in raka shi tudu. A garinmu in tsoho ya ji ƙarfinsa ya fara ƙarewa, yakan ɗauki babban ɗansa namiji ya zagaya gona da shi ya nuna masa iyaka, daga wannan itace zuwa wancan dutse, ɗan yana maimaitawa yana cewa ya gani. Ba a yi da mace. Sai da muka kama hawa na gane abin da za mu yi, na ce masa Baba ai ba amfani. Ya yi kamar bai ji ba.

Babu tudu. Rami ne mai faɗi, ja wur, zurfinsa ya fi tsayin ɗaki biyu, sauran ruwan damina ya kwanta kore a ƙasansa. Aiki ya ƙare, motoci sun tafi. Muka tsaya a baki, ya ɗaga sanda ya nuna iska. Ya ce daga nan, inda aduwa take, iyakar gabas ta miƙe har tulin duwatsun kakansa. Na ce na gani. Ya ce in maimaita, na maimaita. Muka bi gefen ramin a hankali, ƙasa na zubewa a ƙarƙashin ƙafarmu, ya nuna mini ta kudu da ta yamma, ina cewa na gani. Da muka zagayo arewa sai ya tsaya. Ya ɗaga sandar ya nuna wani wuri, ya sauke. Ya matsa gaba kaɗan, ya waiwaya ya dubi gari, ya dubi rana, ya sake ɗagawa, sandar tana yawo hagu da dama. Shekara sittin yana taka wurin nan. Na ga leɓensa yana motsi shi kaɗai.

"Uwata," ya ce, "ke da kinka yi aiki nan, ina magaryar iyakar nan take?"

Ban sani ba. Da na so, da na nuna ko'ina na ce nan ce, ya yarda, mu koma gida. Na buɗe baki in yi hakan sai na kasa. Na ce masa ban sani ba, Baba.

Ya jinjina kai. Ya daɗe a tsaye yana kallon ramin, sannan ya miƙo mini hannu in riƙe shi, abin da bai taɓa yi ba, muka gangara. Iyakar arewa ba a nuna wa kowa ba.